Tambaya da Amsa: Ƙaramar bindiga mai babban harsashi, wace ce ta dace da ɗauka kullum?

Wasiƙun wannan fitowa daga masu karatunmu mazauna Amurka suka zo, inda doka ta ba wanda ya cika sharuɗɗa damar yawo da ƙaramar bindiga ɓoye a jikinsa don kare kai. Duk abin da za mu faɗa a nan, a kan dokar can da kasuwar can yake.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala kwas, lasisina ya fito. Ina son fistol mai cin harsashin .45, amma ƙarama, wadda riga za ta rufe tun safe har dare. Wace zan saya? Daga wani mai karatu a jihar Minnesota.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin mu kira sunan kowace bindiga, bari mu fara da harsashin, domin shi ne yake yanke hukuncin duk sauran.

Harsashin .45 ACP John Browning ne ya ƙera shi, sojan Amurka kuma suka karɓe shi tare da fistol ɗin M1911 a shekarar 1911. Faɗinsa kusan milimita 11.5 ne. Wanda aka fi sani nauyin dalmarsa giren 230, wato kimanin giram 15, yana kuma barin bututu mai inci 5 da gudun kusan mita 255 a daƙiƙa. Bindigar da aka yi masa tun asali ta ƙarfe ce zalla, ta haura kilo ɗaya. Nauyin nan shi ne yake shanye shurin da take yi idan an harba. Da zarar an rage bututun zuwa inci 3 da 'yan kai, an mayar da gangar jikin roba, an gajarta mariƙin, harsashin bai canza ba, shurin ne kawai ya rasa inda zai tafi sai cikin hannunka. Wannan shi ne cinikin da kake shirin yi, kuma gara ka san shi tun kafin ka biya kuɗi.

Bindigogin wannan rukuni gida biyu ne. Akwai masu kurtu (ma'ajin harsashi da ake cusawa cikin mariƙi) mai layi biyu, kamar Glock 30: kurtunta na cin harsashi 10, bututunta inci 3.78, idan an cika ta tana kusantar kilo ɗaya, kuma tana karɓar kurtun Glock 21 mai cin 13 a matsayin na ajiya. Kaurinta yana baza shurin a faɗin tafin hannu, shi ya sa ta fi 'yan'uwanta daɗin harbi, amma shi ne kuma yake tura bel yana kumbura riga. Sai masu layi ɗaya, sirara: Glock 36 mai cin 6, Smith & Wesson M&P45 Shield mai bututu inci 3.3 da kurtun 6 ko 7, da Springfield XD-S wadda ta fito a 2012 da kurtun 5 da kaurin kusan inci ɗaya. Waɗannan nauyinsu babu harsashi yana kewayen giram 600. Suna ɓuya ƙwarai, suna kuma duka ƙwarai. Tsakanin gidajen biyu akwai Glock 30S, wadda aka ɗora siririn saman Glock 36 a kan gangar jikin mai cin 10.

Abin da sababbin masu saye suka fi kuskurewa shi ne su auna bututu su manta da mariƙi. Bututu a cikin wando yake kwanciya, ƙarin rabin inci babu wanda zai gani. Mariƙi shi ne yake tsayuwa a waje yana zana kansa a jikin riga duk lokacin da ka sunkuya. To amma idan ya yi gajarta har ƙaramin yatsanka ya rasa wurin zama, bakin bindigar zai riƙa ɗagawa sama sosai bayan kowane harbi, na biyu ya yi jinkiri ko ya kauce. Nemi mariƙi mafi gajarta wanda yatsunka uku na ƙasa duk suka samu gurbi a kansa. Idan akwai kurtu mai ɗan tsawo a ƙasa da ke ba ƙaramin yatsa wuri, gwada da shi.

Sai kuma nisan kunama. Riƙe bindigar yadda bututunta zai yi layi ɗaya da ƙashin damtsenka. A haka, tsakiyar gaɓar farko ta yatsan nuni ya kamata ta kai fuskar kunamar ba tare da ka murɗa hannu ba. Idan sai ka juya tafin hannu kafin ka kai, bindigar ta fi ƙarfin hannunka, shurin zai riƙa sauka a gindin babban yatsa. Wannan yakan faru da masu layi biyu na .45, saboda harsashin dogo ne kuma mai kauri.

Kada ka saya a kan kanta. Yawancin filayen koyon harbi na haya suna da waɗannan bindigogi. Ɗauki biyu ko uku a rana ɗaya, ka yi musu gwaji iri ɗaya: da'ira mai faɗin inci 5, nisan yadi 5, harbi 5, cikin daƙiƙa 5. Maimaita sau biyar da kowace. Sannan ka harba kurtu guda da hannu ɗaya kaɗai. Wadda harsasanta suka zauna cikin da'irar a kai a kai, ita ce taka, ko da ba ita ka shigo da niyyar saye ba. A ra'ayinmu, ga mai matsakaicin hannu da ya dage sai .45, Shield da Glock 30S su ne suka fi cancantar a fara gwadawa. Kuma ka haɗa da 9mm guda ɗaya cikin gwajin, dalili na nan a amsa ta gaba.

Tambaya: Abokin aikina ya ce .45 harbi ɗaya take kayar da mutum, 9mm kuwa sai an yi ta maimaitawa. Gaskiya ne? Daga Houston.

Amsa: Ba gaskiya ba ne, ɗan'uwa. Babu harsashin fistol da ke ture mutum ya faɗi saboda ƙarfin bugu. Da yana da wannan ƙarfin, da mai harbin ma ya faɗi ta baya, domin ƙarfin da ya tafi gaba shi ne ya dawo hannu.

Ga lissafin. Harsashin 9mm mai giren 124, wato giram 8, yana gudun kusan mita 350 a daƙiƙa. Idan aka auna kuzarin da kowannensu ke ɗauke da shi, shi da .45 mai giram 15 sun yi kusan kunnen doki, dukansu a kewayen 500 a ma'aunin kuzari na jul. Inda suka rabu shi ne shuri: na .45 ya fi da kamar kashi ɗaya cikin uku. Wato a bindigogi biyu masu nauyi ɗaya, kana biyan ƙarin duka a hannu da ragin yawan harsashi, abin da kake samu kuwa ƙarin faɗin milimita biyu da rabi ne.

Hukumar FBI ta bi wannan hanya har ƙarshenta. A watan Afrilu na 1986 an yi musayar wuta a Miami, jami'anta biyu suka rasa ransu, biyar suka ji rauni, bayan wani harsashin 9mm da ya sami ɗaya daga cikin maharan ya tsaya gab da zuciyarsa. Hukumar ta koma harsashin 10mm, ta ga shurinsa ya yi wa jami'ai da dama yawa, aka rage masa ƙarfi, daga nan harsashin .40 S&W ya samo asali a 1990. Darasin da ya ɗore daga wannan lamari shi ne ma'aunin nutso: harsashi ya shiga inci 12 zuwa 18 cikin jelatin na gwaji. Da fasahar ƙera harsashi ta ci gaba, 9mm na zamani ya cika wannan ma'auni, FBI ta dawo gare shi, ta kuma ba Glock kwangilar bindigogin 9mm a 2016. Hujjarta ita ce jami'ai sun fi samun saiti da sauri da shi.

Wannan bai sa .45 ya zama shirme ba. Idan harsashi mai rami a baki, wanda aka yi don ya buɗe idan ya shiga jiki, ya toshe da tufafi ya ƙi buɗewa, .45 dai yana nan da faɗinsa. Matsin da yake yi cikin bututu ma ƙasa yake, iyakarsa 21,000 a ma'aunin psi, alhali 9mm da .40 suna kai 35,000, shi ya sa mutane da yawa ke jin shurinsa kamar turi, na .40 kuwa kamar fizga. Wanda ya iya harba shi da kyau, ya ɗauka. Amma SIG P365 da ta fito a 2018 tana cin 9mm guda 10 a jikin da bai kai na .45 mai cin 6 girma ba, kuma harsashin atisayenta ya fi araha. Duk wanda ya tsallake wannan ba tare da ya gwada ba, ya zalunci kansa.

Tambaya: Ina da fistol ƙirar 1911 mai bututu inci 3. Kusan kowane kurtu biyu sai ta cije sau ɗaya. Na canza harsashi, ba ta daina ba. Ta lalace ne?

Amsa: Ba lallai ba ne. Tsarin 1911 an yi shi ne da bututu inci 5. Samfurinsa na Commander mai inci 4.25 bai yi nisa da asalin ba, amma idan aka sauko inci 3.5 na Officer's ko inci 3 irin na Colt Defender da Kimber Ultra Carry, abubuwa uku suna canzawa tare. Silaid, wato saman da ke zamewa baya ya dawo, ya yi sauƙin nauyi, saboda haka ya fi gudu. Tafiyarsa ta gajarta, kurtu ya samu ɗan ƙanƙanin lokaci na ɗago harsashi na gaba. Bututun kuma yana karkata sosai yayin buɗewa. Bindigar na iya aiki lafiya, sai dai ba ta yafe ƙaramin aibi.

Fara da duba irin cijewar, kowace da inda take nuni.

Idan kwanson da aka harba ne yake maƙalewa a tsaye a bakin tagar fita, silaid bai kai ƙarshen tafiyarsa ba. Sau da yawa wuyan hannu ne ya yi laushi, gangar jikin bindigar ta bi silaid baya maimakon ta tsaya masa. Ba wani gogagge ya harba. Idan ba ta cije a hannunsa ba, gyaran a riƙonka yake: hannu ya hau can sama a mariƙi, wuyan hannu a kafe, hannun taimako ya matse sosai.

Idan sabon harsashi ne yake dungurar da kai ya ƙi hawa, musamman na ƙarshe ko na kusa da ƙarshe, zargi kurtu. Rubuta lamba a gindin kowanne, ka riƙa lura da wanda matsalar ke bi. Leɓen kurtu da ya buɗe ko sifirin da ya gaji su ne sanadin cijewa mafi yawa a kowace fistol. Wanda ya maimaita laifi, cire shi daga aiki.

Idan silaid yana tsayawa saura kaɗan ya rufe, sifirin ɗin mayarwa ne ya mutu, ko ƙugiyar da ke zaro kwanso ta yi tsauri fiye da kima, ko ɗakin harsashi ya yi datti. Sifirin na gajeren 1911 yana gajiya da wuri ƙwarai fiye da na mai inci 5. Duba adadin harbin da kamfanin ya ƙayyade a littafin bindigar, ka rubuta lissafinka, ka ajiye sabo a gida. Daidaita ƙugiyar kuwa aikin maƙerin bindiga ne, kada ka lanƙwasa ta da kanka. Kuma 1911 ba ta son bushewa: ɗigo ɗaya na mai a kowane layin da silaid ke bi, ɗaya a kan bututu inda yake gogar ƙarfe.

Har sai ta harba 200 a jere babu cijewa ko ɗaya, kada ka dogara da ita wajen kare rai. Wanda ke son 1911 don ɗauka kullum kuma bai riga ya saya ba, muna ba shi shawarar saman Commander a kan gajeren mariƙin Officer's. Mariƙin ne ke buƙatar gajarta, bututun ba ya buƙata.

Tambaya: Maigidana ya saya min libarba mara nauyi mai cin .357 Magnum, ya ce ta fi sauƙi ga mace. Harbi biyar na yi hannuna ya yi tsami kwana biyu. Laifina ne?

Amsa: Ba laifinki ba ne, Hajiya. Irin wannan libarba, wasu ba su kai giram 400 ba, tana cikin bindigogin da suka fi wuyar sarrafawa ga kowa, namiji ko mace. Kunamarta ma tana buƙatar jan kilo 5 ko fiye, ninki biyu na abin da Glock ke buƙata. Labari mai daɗi shi ne duk libarba mai cin .357 Magnum tana cin .38 Special, wanda shurinsa ya yi ƙasa sosai. Ki koma shi, ki sa mariƙin roba da ke rufe ƙarfen baya. Idan har yanzu tana ciwo, ki je ki gwada bindigogi da hannunki, ki zaɓa da kanki. Wanda zai ɗauki bindiga shi ya kamata ya zaɓe ta.

Ga masu son libarba mai babban harsashi, Charter Arms Bulldog mai cin .44 Special guda 5 ta fara fitowa kasuwa a 1973. A kula da abu ɗaya a duk libarba mara nauyi: fizgar harbi na iya zaro dalmar harsasan da ba a harba ba daga kwansonsu kaɗan kaɗan, har ɗaya ya leƙo ya hana tulun da harsasan ke ciki juyawa. Gwajinsa mai sauƙi ne. A cika, a harba huɗu, a ciro na biyar a jera shi da sabo. Idan ya ƙara tsawo, wannan harsashi bai dace da bindigar ba.

Tambaya: Me kuke gani game da Glock 29 mai cin 10mm?

Amsa: Ga mai yawo a dazukan Alaska ko Montana inda ake gamuwa da beyar, tana da ma'ana. A cikin gari, ƙarar da walƙiyar da shurin sun yi yawa, gajeren bututun yana cinye wani ɓangare na ƙarfin da aka saye ta dominsa, harsashin kuma na iya ratsawa ya wuce ya sami wanda bai ji ba bai gani ba.

Tambaya: Wane harsashi zan sa a .45 mai gajeren bututu, kuma sau nawa ake canza shi?

Amsa: Mai dunƙulallen kai na atisaye ne. Don ɗauka, mai rami a baki ake so, saboda yana buɗewa ya rage gudu, haɗarin ratsawa ya ragu. Matsalar ita ce .45 dama ba mai gudu ba ne, bututu inci 3.3 kuma yana ƙara rage masa, alhali buɗewar tana buƙatar gudu. Saboda haka nemi wanda aka gwada a gajeren bututu, kada ka dogara da lambar da ke jikin kwali, wadda galibi da inci 5 aka auna ta. Speer na da Gold Dot da aka yi musamman don gajeren bututu, Federal HST mai giren 230 ya yi suna wajen buɗewa ko da gudun ya ragu, Hornady Critical Defense mai giren 185 kuma yana da sauƙin shuri. Mai alamar +P yana ɗaga matsi zuwa 23,000, yana ƙara duka da lalacewar sifirin, kuma sai littafin bindigar ya yarda da shi.

Ko wanne ka zaɓa, harba aƙalla 50 daga gare shi ta cikin kurtunan da za ka riƙa ɗauka, domin faffaɗan bakinsa na iya tuntuɓe a inda mai dunƙulallen kai ke wucewa sumul. Duba kuma inda yake sauka: mai sauƙin nauyi yakan sauka ƙasa da mai nauyi.

Akwai haɗarin da ba a cika magana a kai ba. Duk lokacin da ka ɗana bindiga, kan harsashin yana bugun gangaren shiga. Idan kana cire harsashi ɗaya kana mayar da shi kowace rana, dalmar za ta nutse cikin kwanso, wurin albarushi ya ƙuntata, matsi ya tashi fiye da ƙima. Jera shi da sabo a kan tebur. Wanda ya gajarta, kada a harba shi. Wanda aka ɗana sau biyu ko uku, a ware shi don atisaye. Sauran kuwa a harbe su a sa sababbi sau ɗaya a shekara, saboda gumi da mai. Idan kuma a filin atisaye ka ji harbi ya yi wani laushi ko ƙararsa ta yi ƙasa, tsaya cak, cire kurtu, duba bututu. Dalma na iya maƙalewa a ciki, harbi na gaba ya fasa bindigar.

Tambaya: Bindigata tana jan wandona ƙasa, tana kuma nunawa ta cikin riga. In sayi ƙarama?

Amsa: Tukuna. Sau da yawa bel ne da kube. Bel na ado ba zai ɗauki kilo ɗaya a gefe guda ba, zai lanƙwashe, mariƙin ya faɗo waje. Nemi bel mai tauri da aka yi don wannan aiki, faɗin inci 1.5, maƙalan kuben kuma su yi daidai da faɗinsa. Kuben ya zama na Kydex, wata irin roba mai ƙarfi, ko fata mai tauri, wanda aka ƙera wa ainihin ƙirar bindigarka. Ya rufe kunama gaba ɗaya ta kowane gefe, bakinsa ya tsaya a buɗe bayan an zare, kuma idan ka kife shi da bindigar da ka tabbatar babu harsashi a ciki, kada ta zube. Kuben yadi mai laushi da ake cewa yana shiga kowace bindiga, a guje shi. Ɗan fiffiken da ake ɗaurawa kusa da maƙalin yana tokare bel ya mayar da mariƙi jikinka, kuma shi kaɗai yakan kashe matsalar nunawa. Ƙara lamba ɗaya a ƙugun wando.

Mafi yawan harbin kuskure wajen mayarwa cikin kube yake faruwa. Babu gaggawa a wurin: yatsa a miƙe nesa da kunama, ɗage riga da ɗaya hannun, kalli bakin kuben da idonka ko akwai gefen riga ko igiya a ciki, sannan ka sa a hankali. A gida kuma, bindigar da ba ta jikinka tana cikin akwatin ƙarfe a kulle, musamman inda yara suke.

Tambaya: Ina da katin zama na dindindin, ban zama ɗan ƙasa ba tukuna. Zan iya saye? Kuma lasisina zai yi aiki idan na tuƙa zuwa wata jiha?

Amsa: Dokar tarayya ta yarda mai katin zama na dindindin ya saya daga dillali mai lasisi, idan ya kai shekara 21, ya cika fom na 4473, binciken NICS, wato na tarihin laifin mai saye, kuma ya wanke shi. Mai bizar ziyara ko ta karatu an haramta masa, sai a wasu 'yan keɓaɓɓun yanayi, kuma kuskure a nan yana iya jawo ɗauri da kora daga ƙasar. Wanda ke cikin wannan rukuni ya ga lauya kafin ya taɓa ko da bindigar haya.

Batun tsallaka jiha ya fi sarƙaƙiya. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 a shari'ar Bruen ya tabbatar da 'yancin ɗaukar bindiga a wajen gida, fiye da rabin jihohi kuma ba sa buƙatar lasisi yanzu, amma hakan bai sa lasisin wata jiha ya yi aiki ko'ina ba. New York da New Jersey da California ba sa karɓar na kowa, dukansu kuma sun ƙayyade kurtu a harsashi 10, wato kurtun Glock 21 mai cin 13 laifi ne a can. New Jersey ta kuma taƙaita yawo da harsashi mai rami a baki. A Michigan da North Carolina, idan ɗan sanda ya tsayar da kai, wajibi ne ka sanar da shi nan take cewa kana ɗauke da bindiga. Gidan waya da gine-ginen gwamnatin tarayya da sashen binciken fasinja na filin jirgi haramun ne ko wace jiha kake. Waɗannan dokoki suna canzawa, saboda haka kafin kowace tafiya buɗe shafin intanet na babban lauyan gwamnati ko na 'yan sandan kowace jiha da za ka ratsa, har da wadda man fetur kawai za ka tsaya sha a cikinta.